Sawun da Na Kife da Ƙwarya

Kafin in zama mai duba alamun laifi, ni mai jakai ne. Ina ɗauko kanwa da gishiri daga Ƙwanni in kawo Illela, kuma duk wanda ya yi kiwon jaki ya san rabin aikin neman wanda ya ɓace ne. A haka na koyi karanta ƙasa. Ina duban sawu in gane ko jakin yana ɗauke da kaya, ko yana ɗingishi, ko jan shi aka yi. Daga jakai na koma kan mutane, har ta kai matata tana yi mini ba'a, wai na fi sanin diddigen maƙwabta fiye da fuskokinsu.

Shekarun nan Turawa ba su daɗe da zama ba, an ja iyaka tsakaninmu da Ƙwanni, ɓarawo ya gane in ya ƙetara shi ke nan. Wata ranar kasuwa wani masinja ya gaya mini ana neman mutum ɗaya daga yankinmu da za a kai Sakkwato a koya masa aikin bincike a wurin 'yan sanda: auna sawu, ɗaukar tambarin yatsa da tawada, duba inda aka fasa ƙofa. Ya ce Baturen rangadi zai zaɓa da kansa in ya zo. Tun daga ranar na sa rai da aikin. Akwai wani maharbi a garin da shi ma ya iya bin sawu, ya girme ni, ya fi ni baki, kuma duk inda na gan shi sai in ji abinci ya fita raina.

Ana gobe Baturen zai iso aka yi sata a gidan wani falke mai sayar da turkuɗi, baƙin zanen nan mai shuni. An fasa ɗakin kaya da ke jikin zaure, an ɗauke ƙunshi guda. Nan da nan aka kama wani Bafillace makiyayi, don ya kwana a zauren falken bayan an tashi kasuwa, ya yi sammako, ya manta sandarsa. Aka ɗaure shi a gindin tsamiyar gidan mai unguwa a jira Bature.

Na isa gidan falken da hantsi. An yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi, mutane sun tattake tsakiyar fili, amma ta gefen katanga babu wanda ya bi. A can na ga abin da nake nema. Sawu ne na mutum mai faɗin ƙafa, ba takalmi, ƙafar dama ba ta da babban yatsa. Zuwansa sawun a sama-sama yake, komawarsa ya nutse, alamar ya ɗauki kaya, kuma ya nufi arewa wajen iyaka. Na koma gindin tsamiya kamar mai kallo, na dubi ƙafafun Bafillacen. Dogaye ne sirara, yatsu goma cif.

Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Malam, don Allah ka hwaɗa musu, ban ɗauki komi ba. Shanuna na daji ba mai tsaro.”

Na ce masa, “Kwantar da ranka, gobe in sha Allahu za ka tahi gida.”

Abin da ya kamata in yi a lokacin a fili yake. In kira dattawa biyu in nuna musu sawun, su gani da idonsu, su zama shaidu. Ban yi ba. Tsoro nake kada magana ta kai kunnen maharbin nan ya riga ni faɗa a gaban Bature. Na so a ce ni kaɗai na gani, ni kaɗai zan buɗe. Sai na ruga gida na kwaso ƙoran matata guda bakwai, tana bi na da tambaya, na je na kife sawu bakwai mafi kyau, na ɗora wa kowace ƙwarya dutse.

Yinin nan ban san yadda na yi shi ba. Na zauna a rana ina korar awaki da kaji. Hadari ya taso daga gabas bayan la'asar, na yi ta addu'ar kada a yi ruwa, ni da ke da gona tana jiran ruwan. Duk wanda ya tambaye ni abin da ke ƙarƙashin ƙoran sai in ce ba komi. Wasu suka ce asiri nake yi wa ɓarawon, na bar su a haka don ya fi mini sauƙi. Maharbin ya zo ya tsaya yana sakace haƙori, ya ce, “Kai kuma mi kaka dahwawa cikin ƙasa?” Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na shimfiɗa tabarma a jikin katangar na kwana a wurin.

Da safe mai unguwa ya aiko a ce duk magidanci ya fito bakin gari tarye. Na yi ta jan ƙafa, amma mai neman aiki a wurin Bature ba ya ƙin zuwa taryensa. Na sake duba duwatsun ɗaya bayan ɗaya, na tafi. Muka tsaya a bakin hanya har rana ta yi zafi kafin dawakai su ɓullo.

Bayan gaisuwa na samu tafinta, wani dogon mutum mai jar hula, na roƙe shi ya gaya wa Bature ina da abin nunawa game da satar. Baturen ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce a je. Muka ɗunguma, ni a gaba.

Tun daga nesa na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da muka karyo kwana sai na ga fili fes. An share shi tun daga ƙofar zaure har jikin katanga, an yayyafa ruwa, an bi da tsintsiya an yi masa zane mai kyau irin na ranar suna. Ga tabarmi sababbi a shimfiɗe. Ƙoraina bakwai kuma an wanke su an jera a kan dakali, duwatsun an tara su a kusurwa.

Mahaifiyar falken, tsohuwa mai tsafta da kowa ke girmamawa, tana tsaye da tsintsiya a hannu. Na ce, “Inna, wa ya ɗauke ƙoran nan?”

Ta ce, “Ni ce, ɗana. Babban baƙo na zuwa gidanmu mu bar mashi ƙazanta da ƙorai birjik ƙasa? A ce ba mata gidanga? Ga su nan na wanke maka, kai wa matarka.”

Abin da ta yi shi ne abin da uwata za ta yi. Na durƙusa a jikin katangar ina laluben ƙasa da yatsu kamar wanda allura ta faɗi, ko gefen diddige ban samu ba.

Na faɗi abin da na gani duk da haka: faɗin ƙafa, yatsan da babu, nauyin komawa. Tafinta ya juya wa Bature maganar. Baturen ya tambaya wa ya gani ban da ni. Na dubi dattawan da suka wuni jiya taku goma daga inda nake, suka dube ni. Na ce ba kowa. Aka aika ni da dogari biyu mu bi hanyar arewa, amma garken kasuwa ya riga ya tattake ta, kuma a iyaka aka ce mu tsaya. Sanda kuwa tana nan, kowa ya gan ta. Aka yanke wa Bafillacen ɗaurin wata shida a Sakkwato.

Da yamma tafinta ya kira ni. Ya ce Bature yana tambaya wa ya koya mini kife sawu. Na ce ba wanda ya koya mini. Ya ce to ni aka zaɓa, don mutumin da ya yi tunanin rufe shaida irinsa ake nema. Abin da na yi wata biyu ina kasa cin abinci a kansa ya samu, amma da na koma gida matata ta ajiye mini tuwo sai na tura shi gefe. Ta ɗauki ƙoranta ta jera.

Na yi shekaru a aikin. Na koyi tawada da awo da zuba farar ƙasa a cikin sawu don a ɗauke shi ɗungurungum. Abokan aiki suna yi mini dariya don duk inda aka kira mu, kafin in gaisa da kowa sai na karɓe tsintsiyoyin gidan, sannan in kira mutum biyu su tsaya a kaina su ga abin da na gani.

Amma tafiyar farko ita ce ba ta barina. Ayari ɗaya aka haɗa ni da Bafillacen zuwa Sakkwato, kwana uku a ƙasa, ni da ƙunshin kayana zuwa sabon aiki, shi da igiya a ƙugu. A zangon farko ya tambaye ni sau ɗaya, “Malam, ba kai ka ce gobe ba?” Daga nan bai sake yi mini magana ba. Aka sa ni a bayansa, ni kuwa ban iya tafiya ba tare da kallon ƙasa ba. Tun daga Illela har ƙofar Sakkwato sawunsa nake bi, ina ƙirga yatsu goma a kowane taku biyu.