Kyaftin da Gansakuka

Tunda ya bar aikin gyaran tabarau surukansa suka laƙaba masa Kyaftin, alhali ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Wani akwatin gilashi ne ya jawo masa sunan. Ya girke shi a tsakiyar falo, ya cika da ruwan gishiri, ya jera duwatsu da murjani mai rai, ya saki kifaye masu launi. Matarsa kallonsa kawai take yi. Ta san shi tun yana da gashi a ka: bai taɓa yin kuskure ba, sai dai a yi masa.

Ba a jima ba gansakuka ta ɓullo. Da farko ɗan kore ne a jikin gilashi, sannan ta zama gashi-gashi, ta lulluɓe duwatsu, ta fara shaƙe murjanin. Kyaftin ya ce hasken taga ne. Ya sa aka rufe falon da labule mai kauri, har baƙi suka riƙa laluben kujera da rana tsaka. Da gansakukar ta ƙi tafiya, ya ce hayaƙin suyar matarsa ne.

“Malam, kifin ne suka faɗa maka?” in ji ta.

“Ke dai ba ki san kimiyya ba.”

Kimiyyar kuwa ta cinye mata buroshin haƙori da rariya da babbar robar wanki. Yakan naɗe hannun riga ya wuni yana kankara, yana haki, ruwa na ɗiga a kan kafet. Da ya gama sai ya ɗebi abincin kifi cike da tafi ya watsa, wai sun sha wahala. Mai shagon kifi ya ce masa ragowar abincin nan ne takin gansakukar, ya rage, ya riƙa sauya ruwa. Kyaftin ya dawo yana huci, wai an ce yana ɓarna. Daga ranar ya sauya shago.

Sabon shagon ya sayar masa da katantanwa masu cin gansakuka. Suka ci iya cinsu, suka kife suka mutu, falo ya ɗauki wari. Ya kawo wata halitta mai ƙaya, wai ita bushiyar teku, don ta cinye gansakukar, ita kuma ta bi dare da rana tana ture murjanin daga kan duwatsu. A ƙarshe ya tuttula wani magani ba awo. Murjanin ya yi fari fat, ya mutu. Gansakuka ko gezau.

Matarsa ta ɗauka zai kwashe tarkacen a huta. Ina. Ranar da ƙaninta ya zo gaisuwa, ta fito da shayi ta tarar Kyaftin ya ɗage labule, yana nuna koren gashin nan da sanda.

“Ciyawar teku ce ta musamman,” yake cewa. “Ba kowa take yi wa ba.”

Ƙanin ya dube ta. Ta ajiye tiren ta koma kicin.