Furen Kawu da Rubutun da Ya Fito a Juye

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗaya yana buga hatimi a ofishin karɓar takardu, kuma har yau idan zai ajiye kofin shayi a tebur sai kowa ya zabura. Hannunsa bai san a hankali ba. Yayan mahaifiyata ne, dogo, mai gilashin da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, kuma duk tsawon aikinsa da kalma biyu ya ci abinci: yi haƙuri. Ka kawo takarda ba ta cika ba, yi haƙuri. Ka kawo ta cike amma ya riga ya rufe aljihun tebur, yi haƙuri, dawo gobe. Da zai yi ritaya aka sauya hatiman ofis, sai aka bar masa tsohon nasa mai cewa AN KARƁA, yake yawo da shi a aljihu kamar makullin gida.

Da wannan yi haƙurin ya ɓata da Mama. Bayan rasuwar kakarmu ya je gyara gidanta, ya tarar da gwangwanaye goma sha biyu a jere a bakin ƙofa, furannin da tsohuwar take shayarwa kullum da ragowar ruwan ɗauraya, jajaye masu kunne biyar. Ya ce sauro suke tarawa, ya sa aka kwashe su zuwa bola. Mama ta iso da yamma don ta ɗauki ko guda biyu, ta tarar da zoben tsatsa kawai a kan siminti. Da ta tambaye shi, ko kai bai ɗaga ba ya ce ta yi haƙuri, ai ciyawa ce. Daga ranar, wata goma sha huɗu, gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma a tsaitsaye.

Sai ga shi ciwon gwiwa ya matsa wa Mama, yayana, babban ɗanta, ya ce ta koma wajensa da zama, can nesa, tafiyar yini guda a mota. Aka tsayar da safiyar Asabar. Ranar Laraba, bayan an tashi daga makarantar firamaren da nake koyar da zane, ina share allo na ji ana gyaran murya a ƙofar aji. Kawu ne. Ya ce ya taɓa ganin irin katin gaisuwar da nake sa ɗalibai su yi da roba da tawada, yana son a yi masa mai fure, kwafi biyu. Na ce me zai yi da biyu? Ya dube ni kamar na tambaye shi me ake yi da takalmi, ya ce ɗaya na fayil ne.

Na ce ya je kanti, akwai su birjik. Ya ce ya zaga kanti huɗu, duk furanninsu kunnuwan sun yi yawa, shi mai biyar yake so, ja. Nan na gane inda aka dosa, zuciyata ta yi laushi. Laushin bai kai minti goma ba.

Aikin ba wani abu ba ne. Za ka zana furen a kan babban kilinan goge fensir, ka sa reza ka fere gefe-gefe har furen ya tsaya shi kaɗai a sama. Ka ɗan taɓa shi a soson tawada sau uku, ka ɗora a kan farin kwali, ka danna da tafin hannu, ka ƙirga biyar, ka ɗaga a miƙe. 'Yan aji uku suna yi. Na yanka masa furen, na yanka ganye a wani kilinan don koren tawada, na nuna masa sau biyu. Ya ce ya gani. Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga robar har saitin kunnensa, ya sauke ta. Tebur ya yi tsalle, alli ya gangara ƙasa, abin da ya fito a kwalin kuwa tumatir ne da mota ta taka.

Kwali goma sha ɗaya muka ɓata a ranar. Ya ce kwalin ne mai santsi. Ya ce teburin yara ne, ba ya zama daidai. Ya ce tawadar yanzu ruwa ce zalla, ba irin ta zamaninsu ba. Ni kuwa na gaji da cewa a hankali har muryata ta dushe, ga tawada ja har a haɓar mayafina. A na goma sha biyu raina ya gama ɓaci, na kama hannunsa na ɗora nawa a kai na sauke shi da kaina. Sai na ji hannun yana rawa. Ashe in ya tafi a hankali karkarwa yake yi, dukan ne ke ɓoye ta. Muka ƙirga biyar tare, furen ya fito da kunnuwansa biyar cif. Uku muka jera a kwalin, da ganyensu, wannan ɗin kaɗai ya yi kyau.

Ranar Alhamis aka zo kan rubutu, rigima ta dawo sabuwa. Ya ce a sa KI YI HAƘURI. Na ce wallahi ba da hannuna ba. Ya ce duk duniya haka ake ba da haƙuri. Na ce a bakin kowa haka ne, amma a bakinsa ma'anarta dawo gobe, kuma ita ce kalmar da ta jawo wannan zaman da muke yi. Na ce ya sa KI YAFE MINI. Ya cire gilashi ya ce Auta ce fa, yarinyar da ya goya. Mama tana da jikoki bakwai, amma a wajensa ba ta wuce goyo ba. Sai ranar Juma'a ya sauko rabin hanya, ya yarda da A YAFE MINI, sai ka ce kwamiti yake rubuta wa.

Ya kwashi kilina da reza da soson tawada da katin mai kyau da ɗaya cikin waɗanda suka ɓaci, ya ce rubutun da kansa zai yanka a gida. Na biyo shi ƙofa ina cewa, “Kawu, haruffan fa sai an…”

“Malama,” ya ce, “tun ba a haife ki ba nake riƙe hatimi.”

Na bar shi ya tafi ban ƙarasa maganar ba. Wannan laifina ne, kuma haushi ne ya sa.

Asabar da safe mota na ƙofar gida, direba yana ɗaure akwatuna, sai ga Kawu da filasta a yatsu biyu da ambulan a hammata. Ya yafito ni bayan mota, ya ce tawadata tana da matsala. Ya buɗe katin. Furanni uku sun zauna lafiya, a ƙarƙashinsu kuma rubutu ja ya fito a juye, daga dama zuwa hagu, kowane harafi ya ba mutum baya. Ya yanka su ne yadda ake karantawa. Na tambaye shi, shekara talatin da ɗaya bai taɓa kifa hatimi ya dubi gindinsa ba? Ya zaro AN KARƁA daga aljihu, ya juya shi, ya kai kusa da gilashi, ya daɗe yana kallo. Ya ce shi abin da ya fito a takarda kawai yake dubawa.

Sai ya fara mayar da katin cikin ambulan, wai zai sake yankawa, ya aika mata ranar Litinin. Na ce yau babu dawo gobe. Na sa hannu a bayansa na tura shi cikin gida, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

An kwashe komai a ɗakin Mama sai madubin kwaba da aka jingine da bango. Tana zaune a kan akwati tana shafa gwiwa. Suka gaisa gaisuwar tasu ta wata goma sha huɗu, ya miƙa mata katin ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Ta daɗe a kan furannin. Na ga yatsarta tana bin kunnuwan ɗaya bayan ɗaya har biyar, ta koma na biyu ta sake. Da ta iso rubutun ta juya katin sama, ta juya shi ƙasa, ta tambaye ni wane yare ne wannan. Na ce ta nuna wa madubi. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ɗaga katin gefen fuskarta, ta karanta a fili yadda take karanta komai, kalma-kalma.

“A… yafe… mini.”

“An yafe,” in ji Kawu daga bakin ƙofa.

Na ciji yatsa. Na rantse ba da gangan ya yi ba, bakin ne ya saba amsa duk wanda ya zo da buƙata. Mama ta juyo a hankali.

“Yaya, ni ce na zubar da furannin Inna?”

Ya buɗe baki, na ga yi haƙurin ta taho har leɓensa. Ya haɗiye ta da ƙyar kamar ƙwayar magani.

“Ni ne, Auta. Ni na zubar. Kuma ba ciyawa ba ce.”

Mama ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta sa katin cikin jakar hannunta, wajen da take ajiye maganin gwiwa, ta ja zif. Sannan ta miƙa hannu ta ce ai ta san shi, ina na fayil? Ya zaro ɗaya daga cikin masu tumatir ɗin nan, shi ma da rubutunsa a juye. Ta ce ya kawo abin da ke aljihunsa, da tawadar. Ta ɗora kwalin a kan akwati, ta taɓa tsohon hatimin a soso sau uku, ta danna a hankali, ta ɗaga. AN KARƁA ya fito tsaf, ja, a miƙe.

Direba ya danna ham a waje. Kawu ya karɓi kwafinsa ya duba, ya ce hatimin ya ɗan karkace ta hagu. Sannan ya cire gilashi ya shiga gogewa da bakin riga, yana ta gogewa, har muka gama fita da akwatin bai mayar da shi idonsa ba.