Ranar da Kambun Ƙanena Ya Faɗi

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ranar da kambun ƙanena ya faɗi daga hannunsa ba. Tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba anka yi abin, muna zaune Horo Birni.

Ƙanen nan nawa ɗan kokawa ne, daga Kajiji har Boɗinga an san shi. Kambun fata da yake sawa a damtse, sai an shafa man shanu yake shiga. Wata bazara ya ce ƙafarsa ta yi nauyi kamar ba tasa ba, ido kuma yana ganin abu bibbiyu. Ya kwanta wata biyu, ya tashi garau. Bazara ta kewayo, ya sake faɗuwa. Wannan tashi da faɗuwa shi ya ruɗe ni. Har na ce masa, "Ciwon ga naka bai san hanya ba sai an fara sharar gona?" Murmushi kawai ya yi.

Na ɗauko wani wanzami daga Boɗinga bisa jaki. Ya tattaɓa ƙafar, ya ce sanyi ne ya shige jijiya. Ya yi ƙaho, ya ce a riƙa surace safe da yamma, a tafasa ganye a lulluɓe shi da tukunyar. Sannan ya kafa doka: ba nama, ba nono, ba mai. Wai ciwon ne ke cinye abinci mai maiƙo, in an bar shi da tsinkakken kunu zai ji yunwa ya fita.

Ni ban yi karatu ba, sai na riƙe maganar nan kamar farilla. Duk lokacin da munka yaye gwado, sai ya fito kamar jiƙaƙƙen tsumma, ko yatsa bai iya ɗagawa. Yakan ce, "Yaya, zafin nan kashe ni shikai. In na sha iska ƙafar tana ɗan dawowa." Ni kuwa in ce, "Magani ne ke aiki. Ashe ɗan kokawa rago ne?"

Wata rana da hantsi na dawo daga gona, na iske matarsa tana ba shi fura da nono a ludayi. Na fizge ƙwaryar na zubar, kaji sunka taru a kai. Ta ce, "Yaya, dube shi hwa! Haƙarƙari duk a waje." Na ce, "Ke kin fi wanzami sani?" Shi ƙanena kuwa kajin yake kallo.

Wata uku munka yi a haka. Cinyar da take tayar da ƙato sama ta koma kamar karan dawa. Wata safiya na kama hannunsa zan ɗaga shi a yi suracen, sai kambun ya zame daga damtse, ya wuce gwiwar hannu, ya wuce yatsu, ya faɗi ƙasa. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Yaya, ciwon bai rame ba. Ni na rame."

Ranar na fasa tukunyar, na yanka akuya. Amma haɗiya ta riga ta fara yi masa wuya, loma biyu sai sarƙewa. Ya ƙara shekara biyu a duniya, bai sake taka ƙasa ba, naman jikinsa bai dawo ba. Matarsa kuwa, har ta gama takaba ta koma gidansu, gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu.

Ban ce fura za ta warkar da shi ba, ciwo na Allah ne. Amma ƙarfin da zai yi kokawa da ciwon, ni na zuba wa kaji. Kambun yana cikin jakata, har yau ya yi wa damtsena yawa. Tun daga nan, in mai ciwo ya faɗi abin da jikinsa ke ji, nakan rufe bakina in saurara. In ya ce yunwa, in ba shi ya ci.