Bayan Tankin Ruwa

Shekaru sun ja, kuma ina lokacin ban wuce sha biyu ba, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Amma ina ganin ranar Laraba ce, a hutun zafi na shekarar da na gama aji shida, lokacin da Abla Salwa ta ɗaga takardata a gaban 'yan mata kusan ashirin ta ce, "Yau mun sami marubuciya." Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar da ruwa cikin bokiti, ni kuwa ina zaune a layin gaba, farin ciki ya cika ni har ina jin kunnuwana sun yi zafi.

Wata ƙaramar kwaleji ce a unguwar Madain Fahd, wadda manya ke zuwa koyon kwamfuta da ɗinki, a lokacin hutu kuma ta buɗe ajin rubuta labari ga 'yan mata. Abla Salwa, wato malamarmu, marubuciya ce, tana da littafin gajerun labarai da take ajiyewa a gefen tebur, fuskarsa na kallonmu. Baƙa ce kamarmu, amma Larabci kawai take yi, idan ta ji muna Hausa sai ta ɗaure fuska. Ka'idarta ɗaya ce, kullum sai ta maimaita: "Ki rubuta abin da idonki ya gani, da sunansa, da wurinsa." Labarin da bai yi mata ba, takan karanta shi da muryar jarirai har mai shi ta yi kuka. Sau biyu ta yi mini haka.

A unguwar Mahjar muke haya, hawa na uku. Da safe ni ke sayo tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, in dawo in hau rufin gida in yi shanya, in kori tantabaru daga barkonon da aka baza. Mai barkonon ita ce Inna Rakiya. Aikin Umra ya kawo ta nan ƙasa mai tsarki tun kafin a haife ni, ba ta koma ba, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, tana zaune tare da mu tana daka yaji da yin kitso. A gidajenmu yaro yana koyon abu ɗaya tun kafin ya iya Fatiha: wanda ba shi da takarda ba a ambaton sunansa a waje. Ko mai shago ya tambaya, mu huɗu ne a gida, ba biyar ba. Idan aka ji motar jawazat, masu binciken takardu, ta shigo layi, Inna takan haye sama ta tsuguna a wani ɗan lungu bayan tankin ruwa, mu kuma mu zauna a kan matakala muna carafke kamar ba komai.

Wannan na rubuta. Na san dokar gida, ba zan ce ban sani ba, amma na gaji da muryar jarirai. Na sa sunanta, na sa layinmu da koriyar ƙofarmu. Na rubuta yadda take cije silifas ɗinta a baki don hannuwanta su sami damar rarrafe, da yadda wata rana tsoro ya sa ta jiƙa zaninta. Abla ta karanta shi duka, a hankali, tana tsayawa inda ya kamata a yi dariya, aka kuwa yi. Da ta gama sai ta dubi bayan aji ta ce, "Nuf, wannan koriyar ƙofar ba ta gidan babanki ba ce?" Nuf 'yar mai gidan da muke haya ce. Har yau ban san ko Abla ta yi tambayar da gangan ba. Na fi zaton ta sani.

Bayan an tashi na tsaya, na roƙe ta da Larabci ta ba ni takardata. Tana liƙa ta a allon bango, ba ta ko juyo ba. Sai ta amsa mini da Hausa, tsantsar Hausa irin ta kakanni, wadda ban taɓa jin ta yi ba: "Ke kika rubuta, 'yar nan. Ni karantawa kawai na yi."

Washegari da la'asar mai gida ya zo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Baba shi ba zai ɗauki laifin ɓoye kowa ba, ko matar ta fita kafin Asabar ko mu fita duka, halas, magana ta ƙare. Umma ba ta doke ni ba, ko da yake na so ta yi. Abin da ta yi shi ne ta ɗora mini ƙunshin kayan Inna, da turminta ƙarami, ta ce in kai har mota. A kan matakala Inna tana gaba ina biye, sai ta tsaya ta huta, ta ce, "Hawwa, an ce kin iya rubutu." Sai ta ƙara da cewa, "To, a ciki kin sa cewa ni na yaye ki?" Ban sa ba. Na sa silifas, na sa zani, wannan kuwa ko tuna shi ban yi ba.

Inna ta koma wurin wasu mata a unguwar Ammariyya, ɗaki ɗaya su da yawa, ba rufin da za a hau. Kafin aikin Hajjin shekarar muka ji an kama ta a bakin titi da ƙullin yajinta, an mayar da ita Nijeriya, ƙasar da ta bari tun tana da ƙarfinta. Wasu sun ce Gusau aka kai ta, wasu sun ce ba ta da kowa a can. Takardata kuwa ta kai ƙarshen hutu a allon bango, da jan tauraro a samanta.

Yanzu na gama jami'a, kuma ni ma ina koyar da rubutun labari a wata kwaleji irin waccan, da yamma, sau biyu a mako. Ɗalibaina suna rubutu a waya, labarinsu kan isa inda ba su zata ba kafin su kai gida. Ban tabbata na fi Abla iya koyarwa ba, ta yiwu ma ban kai ta ba. Abin da nake yi kawai, kafin kowace ta karanta nata, ina tambayarta wa ke ciki, kuma ina zai kwana idan an ji. Ko a nan, Rakiya ba sunanta ba ne, ƙofar ma ba koriya ba ce.

Idan akwai wadda ta zauna a ajin nan ta ga na yi kuskure, ina roƙo ta gyara mini, ko Nuf ce. Wanda kuma ya san inda Inna ta ƙare, ya taimaka ya sanar da ni. Idan tana raye, a gaya mata na rubuta: ita ta goya ni, ita ta yaye ni.