Goyon Ƙirji, Daga Keana Zuwa Lafiya

Keana

Mun bar gida bayan sallar asuba, ni da Yaya Ladi da jaririyar. Kwana biyu ke nan da binne matata Hauwa'u, wadda ta rasu wajen haihuwa. 'Yar da ta bari bakwaini ce, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Nas ɗin garinmu ta ce a kai ta Lafiya a sa ta a kwalba. Yaya, wadda ke shayar da nata ɗan, ta naɗe ta da zannuwa uku ta rungume.

A tasha direba ya leƙa ya ce, "Hajiya, wannan kaya ne ko fasinja?" Da aka gaya masa, ya cire hula, ya ba mu gaban mota.

Obi

An tsayar da mu a shingen 'yan sanda. Direba ya ce, "Oga, bakwaini muka ɗauko." Ɗan sandan ya ɗaga hannu muka wuce. Tun daga nan nake sa yatsa cikin zannuwan ina taɓa ƙafarta. Sanyi ƙalau. Ban gaya wa Yaya ba. Ita kuwa ta sayi ƙosai, amma har muka isa ba ta ci ba.

Lafiya

Keke ya sauke mu a asibiti da hantsi. Kwalaben duk da jarirai a ciki. Muka tarar da wata babbar nas, Sista Rifkatu, tana zagaye da ɗalibai masu koyon jinya. Ta sa ɗaya daga cikinsu, Maryamu, ta auna zafin jikin yarinyar. Ya yi ƙasa.

Yaya ta ce, "Sista, a samo kasko da garwashi mana, haka muke yi."

Sista ta juya ga ɗaliban. "Mu ma a da ƙara zane muke yi, saboda abin da muka tarar ana yi ke nan. Maryamu, me bincike ya nuna?"

"A ɗora ta fata da fata a ƙirji, Sista, in numfashinta daidai ne."

"Kin duba numfashin, ko daga littafi kike karanto min?"

Ta duba, ta ce daidai ne. Yaya za ta je ta tatso nono a kofi, saboda haka Sista ta dube ni. "Baban yarinya, tuɓe riga."

Na ce, "Namiji da goyo?"

"Ƙirji muke nema, ba mu tambayi na waye ba."

Sai na faɗi abin da ke cina: "Sista, na rasa uwarta. Gwaji za ku yi da ita don yaran nan su koya?"

Ba ta yi fushi ba. Ta ce an daɗe da gwada wannan a wurare da yawa, an ga amfaninsa kafin a fara koyar da shi. "Amma kada ka yarda don na faɗa. Za mu auna a gabanka. In zafin jikinta bai hau ba, mu canza dabara."

Aka kwantar da ita tsakiyar ƙirjina, aka sa mata hula, aka ɗaure mu da zane. Ina jin bugun zuciyarta kamar na ɗan tsako. Tsoron yin tari ma nake. Da Maryamu ta dawo da ma'aunin, ta sake auna ta. Ta juyo min da shi in gani da idona. Ya hau kaɗan. Kafin azahar ya kai inda ake so.

Mun yi kusan mako uku muna karɓa-karɓa da Yaya. Ina kwana a kujera, abincina shinkafa da wake daga bakin ƙofa. Kullum ɗaliban na ɗora ta a sikeli. Ran da nauyin ya tsaya ban iya cin komai ba, sai da ya sake motsawa.

Gida

Direban nan ne ya dawo da mu. Ya ga rigata ta kumbura ya ce, "Malam, wata nawa?" Na yi dariya, karo na farko tun rasuwar.

Na gode wa Allah, na gode wa Sista da ɗalibanta. Na aika musu da ragowar gishirin da marigayiya ta dafa da hannunta, don sana'ar matan Keana ke nan. An raɗa wa yarinya suna Hauwa'u. Har yanzu bakina bai iya kiran sunan ba, amma tana nan a ƙirjina, da ɗuminta.