Ranar da Na Kira Duna

Iya Hure, mahaifiyar babanmu, ba ta yin tatsuniya da damina. Takan ce wanda ya wuni a gona barci yake so, ba labari ba. Sai an kai hatsi rumbu, ɗari ya fara tasowa daga wajen tabki, sannan take sa a tara mata kara da 'yan itatuwa a ƙofar ɗakinta. Da an idar da sallar lisha sai mu jikokinta mu kewaye wutar, kowa da ƙwaryar gujiya a gabansa, don Iya ba ta ba mai zaman banza labari. Muna ɓara tana magana. In ta ji ƙarar ɓawo ta tsaya, ita ma sai ta yi shiru har mu ci gaba.

Gidanmu yana gefen Madarunfa, ta inda ake gangarawa bakin tabki. Babanmu manomi ne, da rani kuma yana yin garka, wato lambu, yana ɗan taɓa kamun kifi. Saboda garkar aka ajiye kare, don awaki da shanu sun dame mu da tsallaka shinge. Baƙi ne wuluk, shi ya sa aka sa masa Duna. An kawo shi yana ɗan kwikwiyo ina da shekara kamar tara, aka ce ni zan riƙa ba shi abinci.

Amma mai karen ta gaskiya Iya ce. Ɗiyar maharbi ce daga wajen Safo, cikin karnuka ta tashi, kuma tana da dokokinta. Duna yana da kaskonsa na abinci da na ruwa, a inuwar rumbu, ba a haɗa su da kwanon kowa. Ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa kusa da buta ko wurin salla. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu. Ba a ba shi ƙayar kifi ko ƙashin kaza. Duk ranar Juma'a da hantsi takan sa in riƙe kansa, ta bi kunnuwansa da tsakanin yatsunsa tana cire kaska tana jefawa cikin garwashi, ta shafa masa toka da ɗan man gujiya a wurin. Maƙwabta sukan ce mata a ɗaure shi a rana, a hana shi abinci don ya yi zafi. Sai ta ce, "Karen da yunwa ta yi wa tarbiyya, yunwa zai bi, ba ku ba. Duk wanda ya jefa mashi tuwo ya zama uban gidanshi."

Ita ta koya mani kiransa. In kira sunansa sau ɗaya, in ya zo in ba shi ɗan ƙanzo, in shafa wuyansa. Kafin wata biyu, ko yana can bakin ruwa na ce "Duna!" sai ka hango shi tafe a guje, kunnuwa a kwance. Ba wanda yake yi wa haka a gidan sai ni, kuma ina alfahari da hakan.

Wata rana da hantsi ya jawo ragar da innarmu ta shanya kifin banda, ya cinye kusan rabi. Kifin da za a kai kasuwa ne, aikin kwana uku. Babanmu bai sani ba sai da ya dawo daga garka bayan la'asar. Ya kira karen da kakkausar murya, Duna ya shige ƙarƙashin rumbu ya lafe. Sai ya juyo gare ni.

"Lawali, kira mani shi. Kai yake ji."

Ba zan ce ban san abin da za a yi ba. Na ga igiyar guga a ninke a hannunsa. Iya ta tafi barkar suna a wata unguwa, ba mai hanawa. Na ɗauki ƙanzo a kwanon da ake jiƙa shi, na durƙusa yadda na saba, na sassauta murya na kira shi. Ya leƙo, ya dubi babanmu, ya dube ni. Na sake kira. Ya fito yana kaɗa wutsiya, ya zo ya sa bakinsa a tafin hannuna. A nan babanmu ya damƙe shi.

Ba zan tsaya bayanin dukan ba. Abin da na fi tunawa shi ne, duk ihun da yake yi, ni yake kallo.

Da daren nan aka hura wuta kamar kullum. Ƙanwata ta riga ta tsegunta wa Iya komai. Iya ta gyara zama, ta tura wani kara cikin wuta, ta ce, "Ga wata nan ta iso bakin ƙofa." Muka ce ta shigo mu ji.

Ta ce a da can an yi wani maharbi a wani ƙauye na bakin daji, yana da karya mai zane-zane kamar zabuwa, ana ce mata Zabo. Tun idonta bai buɗe ba ya raine ta, da yatsa ya riƙa ɗiga mata nono. Ta girma ba abin da ta sani sai fitonsa. In ya yi fito ɗaya, ko zomo ne a bakinta za ta saki ta zo. Maharba 'yan uwansa har kishi suke, shi kuwa sai ya riƙa yin fito a tsakiyar kasuwa don kawai mutane su gani.

Wata rana ya tarar an ci naman da ya shanya. Ya yi fito, ta zo, ya doke ta. Wata rana haushinta ya tashe shi daga barcin rana. Ya yi fito, ta zo, ya doke ta. Wata rana ma ba ita ta yi laifin ba, ya dawo ne rai a ɓace daga rigimar gona. Tun daga nan in ya yi fito sai ta tsaya tukuna, ta karkata kai tana dubansa, kafin ta taho a hankali.

"Shi kuwa bai lura ba," in ji Iya. "Tunda dai tana zuwa."

Da rani ya yi, maharba suka fita farauta, suka sa wa daji wuta don namun daji su fito. Zabo ta bi barewa ta kutsa cikin dogayen ciyayi. Sai iska ta juya. Wuta ta zagayo ta gabas, ta zagayo ta arewa, ba sauran mafita sai wani busasshen rafi, kuma a bakinsa maharbin yake tsaye. Ya hango ta cikin hayaƙi. Ya yi fito. Ta ji, ta tsaya. Ya sake yi, ya kira sunanta, ya ɗaga hannu yana yafuto ta da ƙarfi don tsoro ya kama shi, muryarsa ta yi kaushi. Ta dubi hannun nan a sama, ta dubi wutar. Sai ta juya da gudu ta koma cikin ciyawa.

Duk ƙwaryoyinmu sun yi tsit, amma ranar Iya ba ta jira mu ba. Ƙanwata ta ce, "Iya, don mi ba ta zo ba? Ba ta ga wuta ba?"

"Ta gani. Amma ba ta taɓa sanin wuta ba, 'yar nan. Hannunshi ta sani."

Ta ce maharbin ya bi toka kwana biyu yana nema. Bai sake riƙon kare ba, bai kuma sake yin fito ba har ya mutu, ko da wasa. Daga nan ba ta rufe labarin da 'yar waƙar da ta saba ba. Ta ce kowa ya tashi ya kai ƙwaryarsa, ni kuma in tsaya.

Da aka watse na fashe da kuka. Na ce ai Baba ne ya ce in kira shi.

"Na sani," ta ce. "Ubanka ne, ba ka iya ƙi. Ban ce kai mugu ba ne. Amma ina so ka san abin da ya karye yau, don ba haƙarƙarinshi ba ne. Shi bai san kifin safe ba, ya manta da shi tun hantsi. Abin da ya sani, ka kira, ya zo, aka doke shi. In za ka tsawata wa kare, to lokacin da bakinshi ke cikin ɓarna, kuma da murya, kai ka tafi inda yake. Wanda ya amsa kiranka ya zo da ƙafarshi, ko mi ya yi, ranar ba ka taɓa shi."

Na ji motsi a bayan zana, na gane tarin babanmu. Bai shigo ba. Da safe na ga ya ɗaga ragar kifi ya mai da ita kan wata doguwar rumfa inda kare ba ya kaiwa. Bai taɓa yin maganar ba, amma ban sake ganin ya ɗaga wa Duna hannu ba.

Gyaran ya ɗauki lokaci. Kwana huɗu Duna bai shigo gida ba, yana kwana a bayan shingen garka. Iya ta ce kada in bi shi, kada in kira shi. In kai kaskonsa, in zauna nesa kaɗan in ba shi gefe, in bar shi ya ci. Haka na yi kullum kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, da bayan na dawo. A hankali ya fara ci ina zaune, daga baya ya yarda in taɓa bayansa. Amma da na ce "Duna" sai ya sunkuyar da kai ya ja da baya. Iya ta ce, "Sunan ya ɓaci a kunnenshi. Nemo wani kira, ka fara daga farko kamar yau aka kawo shi." Na koma buga harshe sau biyu, da ƙanzo a hannu. Ya koyi wannan, ya rayu da mu shekara bakwai yana tsaron garka tsakaninsa da Allah. Sai dai gudun nan na da, mai kunnuwa a kwance, bai sake yi mani shi ba.

Yau Iya ta daɗe a ƙasa, babanmu ma ya bi ta, Allah ya jiƙansu. Ni ke riƙe da garkar, ina da karnuka biyu. Masu garkar da ke kusa sukan zo neman shawara in kwikwiyo ya ƙi ji, ko yana bin kaji, ko kaska ta cinye masa kunne. Ina gaya masu abin da na gada, in ƙara da na zamani: su kai shi wurin ma'aikatan dabbobi a yi masa allurar hauka, kada su jira sai ya ciji ɗan wani. Kuma ba wanda ke barin inuwata ban ce masa kada ya kira kare ya doke shi ba. Na faɗi maganar nan ga mutane da yawa, har na ɗauka na fahimce ta.

Babban ɗana Rabi'u yana garin Ɗan Issa, yana bin kamiyo, babbar motar kaya, yana koyon tuƙi. Bara na lura in na kira salularsa ba ya ɗauka, sai daga baya ya aiko saƙon gaisuwa ta wurin uwarsa. Wata rana na kira sau uku a jere, na ajiye wayar ina faɗa, ina cewa yaran yanzu ba su da ladabi. Uwarsa Hadiza tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, yaushe rabon da ka kira shi ba don wani laifi ba?"

Na zauna ina tunawa. Na kira shi don an ce an gan shi yana shan taba. Na kira shi don bai zo gaisuwar rasuwa ba. Tun yana ƙarami, in na ce "Rabi'u, zo nan," ya san abin da ke biye. Ban taɓa dukansa da igiya ba, na riƙa gaya wa kaina haka, amma ban ji sauƙi ba. Abin da nake hana mutane yi wa dabba, shekara ashirin ina yi wa ɗana. Kuma hanyar da yake bi ba ta wasa ba ce. In wata rana ya shiga wani hali, ni ne mutum na ƙarshe da zai nufa.

Na bari kwana biyu suka wuce, na kira shi da hantsi. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka. Bai ko gama sallama ba ya ce, "Baba, mi na yi?"

Na ce, "Ba ka yi komi ba. Lafiyarka nike son ji."

Ina jin ƙugin motoci da hayaniyar tasha a bayansa, ina jin numfashinsa, yana jiran abin da zai biyo baya. Na danne bakina ban ƙara komai ba. Can ya ce, a hankali, kamar mai taka wurin da bai yarda da shi ba, "To, Baba, tumatir ɗin bana ya yi kyau?"

Na ce ya yi. Na ce in ya samu hutu ya zo ya gani. Ya ce in Allah ya yarda. Bai zo ba tukuna, amma yanzu yana ɗauka.