Ƙarfen Baba Nata'ala

A ƙauyenmu, can bayan Yankara, majami'armu ba ta taɓa mallakar ƙararrawa ba. Tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a darbejiya, kuma tun ina goye Baba Nata'ala ke buga shi don kiran addu'ar safe da sujadar Lahadi. Gurgu ne, ga taurin kai kamar jakin kasuwa. Ko Fasto bai isa ya taɓa masa guduma ba. Matarsa Mama Baraka, uwar zumuntar mata, takan ce ƙarfen ne ɗansa na fari.

Da 'yan bindiga suka fara shigo mana, sai aikinsa ya ƙaru. Mukan watse cikin gonakin dawa, shi kuwa da ba ya iya gudu sai ya shige ƙarƙashin rumbu. In sun tafi, ya ja ƙafa ya zaga gari ya tabbatar, sannan ya buga. Dattawan ikilisiya suka yanke cewa ba mai fitowa sai an ji ƙarfe. Har maƙwabtanmu Musulmi shi suke saurare.

Wata Laraba da kaka suka shigo, muka kwana a dawa. Gari ya waye, shiru. Hantsi ya yi, shiru. Yara na kukan ƙishirwa, muna toshe musu baki da gefen zane. Wasu suka ce barci ya kwashe tsohon, wasu suka ce a leƙa kawai, ai ba a jin ko babur. Mama Baraka ta riƙe rigar wani da ya miƙe, ta ce mijinta bai taɓa makara ba, kowa ya zauna.

Sai bayan azahar muka ji tashin babura, daga tsakiyar gari. Ashe suna nan.

Aka dakata, sannan maza suka lallaɓa. A gindin darbejiya suka sami Baba Nata'ala, hannun dama a karye, ga gudumar yashe a gabansa. 'Yan bindigar sun san tsarinmu. Tun asuba suka zaƙulo shi, suka ce ya buga mu fito.

Da aka kai shi Ƙanƙara wurin ɗori, Mama Baraka ta zauna gefensa tana kuka tana faɗa, wai da sun kashe shi fa.

Ya ce, "Baraka, ƙarfen nan sujada nike kira da shi. Ban taɓa buga maku ƙarya ba."

Rabin ikilisiya sun yi ƙaura tun daga lokacin, mu da muka rage kullum kunnenmu na kan hanya. Ran Lahadi da hagu yake bugawa. Sautin ba ya kai ƙarshen gari yanzu, don haka wanda ya ji sai ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa.